Rantsuwar Alhaji Almu

Ƙofar 'Yandaka, Katsina
20 ga Yuli, 1999

Zuwa ga uwargidana, sanyin idona, Sumayya,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya Ilori da ruwanta da kika ce ba ya ɗaukewa? Yaya ɗaliban da hidimar ƙasa ta ɗora miki? Hajiya tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi.

Bayan haka, ina mai alfaharin sanar da ke cewa mijinki ya shiga kundin tarihi. Kin san Sashen Shari'a na gidan rediyon Muryar Ganuwa mu biyu ne rak, ni da shugabana Barista Siddiq, kuma wajibinmu ne mu saurari duk wani rahoto mai zafi kafin a watsa shi, mu tantance ko akwai ɓata suna a ciki. Barista mutumin kirki ne, sai dai mulkin soja ya horar da shi har ya kai ko cigiyar akuya ce sai ya saurara sau biyu.

To, wakilinmu Badamasi na Ƙofar Guga, wanda ya karanta sanarwar ɗaurin aurenmu, ya kawo rahoto. Takin zamanin da aka ba wani ɗan kwangila, Alhaji Babaji, don ya kai wa manoman ƙauye, an sauke shi a wani sito cikin Babbar Kasuwa ana sauya masa buhu. Shaidar Badamasi kuwa Alhaji Almu ne, dattijon 'yan hatsi, wanda rumfarsa ke kallon siton. Ya gani da idonsa, ya kuma faɗa a kaset. Barista ya so a jingine maganar. Ni kuwa na miƙe na warware masa falsafar dimokuraɗiyya, na tunatar da shi cewa soja sun koma bariki, kuma a ƙa'idar doka wanda ya faɗi gaskiya bai ɓata sunan kowa ba. Ya sa hannu yana cewa Allah ya sa mu ga alheri. Badamasi ya tambaye ni ko zan tsaya masa idan ta ɓaci. Na ba shi tabbacin da babu kokwanto a cikinsa.

An watsa ranar Litinin. Gari ya ɗauka. Ki taya ni murna.

Mijinki mai begenki,
Amiru

Katsina
6 ga Satumba, 1999

Masoyiyata Sumayya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Na samu takardarki, na ji daɗin jin zazzaɓin ya sake ki. Ki daure da shiga gidan sauro.

Alhaji Babaji ya maka mu a babbar kotu, gidan rediyon da Badamasi tare. Da sammacin ya iso, wallahi daɗi na ji, domin dama ce ta gwajin fasaha. Sai dai akwai mas'ala ɗaya. Kotu ba ta karɓar kaset a matsayin hujja sai mai muryar ya zo da kansa, ya rantse, lauyan ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyi. Don haka na sa babbar riga na tafi kasuwa.

Alhaji Almu ya karɓe ni hannu biyu. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu, ya tambayi Hajiya, ya tambayi mahaifina da sunan da ake kiransa yana yaro, har ya tambaye ki. Ya maimaita mini duk abin da ya gani, bai rage ko harafi ba. Amma da na ambaci kotu sai ya ajiye mudun da ke hannunsa. Ya ce shi tun da ya yi wayo bai taɓa dafa Alƙur'ani a kan sha'anin duniya ba, mahaifinsa ma haka, ko da an ci su da zalunci sukan bar wa Allah. Ya ce ba a kan buhun taki zai fara ba, yana dab da kabari.

Na yi murmushi irin na masana, na bayyana masa cewa doka ta yi tanadi: mutum na iya ɗaga hannu kawai ya yi alkawarin faɗin gaskiya, ba tare da Littafi ba. Ya dube ni kamar mai tausayi. Ya ce in haka ne, kafin la'asar duk Katsina ta ji cewa an miƙa wa Almu Alƙur'ani ya janye hannu, kuma wa ya taɓa ganin mai gaskiya ya janye hannu? Wa zai sake yarda da awonsa? Ya ce, ɗana, wanga abu ka bar shi.

Sumayya, na yi shekaru a jami'a da makarantar lauyoyi, ba a taɓa koya mini amsar wannan ba. Amma zan koma. Dattijo ne, zai fahimta.

Naki har kullum,
Amiru

Katsina
25 ga Oktoba, 1999

Sumayya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki yi mini afuwar jinkirin amsa, ba mantuwa ba ce.

Na koma wurin Alhaji Almu har na daina ƙirgawa. Na je da kawu Shehu, abokin karatunsa na allo. Na je da wani malami da ya karanto masa hukuncin ɓoye shaida. Ya saurara da ladabi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce bai ɓoye komai ba, duk mai son ji ya zo rumfa zai faɗa masa a gaban kowa, har shi Babajin. Kotu ce dai ba zai shiga ba. Sauran 'yan kasuwar da suka ga motocin takin kuwa sun ce ba za su riga babbansu ba.

Saura hanya ɗaya, wato in nemi kotu ta tilasta masa zuwa. Na rubuta takardar, kuma ba yabon kai ba, ta tsaru. Barista Siddiq ya karanta ya ce babu kuskure a ciki, sannan ya ce mu kai wa mai gidan rediyon. Mai gida bai ko buɗe ta ba. Ya ce ranar da ɗan sanda ya je ya ɗauko Alhaji Almu daga rumfarsa da sunan Muryar Ganuwa, ranar ce ta ƙarshe da wani ɗan kasuwa zai kawo mana talla, kuma shi kansa ba zai iya shiga masallacin unguwarsu ba. Ya ce a nemi sulhu. Na kawo masa sashe-sashe na tsarin mulki. Ya tambaye ni ko tsarin mulkin ne zai sayi man janareta.

A hanyar komawa ofis na zargi Barista da rauni. Bai yi fushi ba. Ya ce a zamanin soja ya san ofishin da zai je ya roƙa a sako masa ɗan jarida, yanzu kuwa bai san ƙofar wa zai ƙwanƙwasa ba, tunda babu wanda ya karya doka.

Badamasi yana leƙowa kullum da safe, ya gaishe ni, ya ce Barista ƙarami yaya ake ciki. Ina ce masa ana kan tattaunawa. Matarsa ta kusa haihuwa.

Ki sa mu a addu'a.
Amiru

Katsina
15 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga Sumayya,

Sallama. Ina fatan kina lafiya. Mu nan jiki lafiya.

An yi sulhu. Alhaji Babaji ya janye ƙara bisa sharaɗin a sallami Badamasi, kuma kafin ya tafi ya karanta neman afuwa da muryarsa bayan labaran rana, kwana uku a jere. Ni aka ba aikin rubutawa.

Na zuba duk iyawata. Na rubuta cewa bisa la'akari da rashin cikar wasu sharuɗɗan tabbatarwa, tashar na takaicin duk wani rashin jin daɗi da ka iya biyo baya. Na so in gina masa rumfar kalmomi da zai fake a ciki. Lauyan Alhaji Babaji ya soke duka. Ya ce manomi a ƙauye ba zai gane ba, a rubuta yadda aka watsa na farko, da Hausar kowa. Na yi gardama har muryata ta dushe. A ƙarshe ni na rubuta da hannuna: Ni Badamasi, rahoton da na kawo a kan taki ƙarya ne.

Ya karanta. Ina tsaye bayan gilashi ina kallonsa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kin san yadda yake da kyan karatu. A rana ta biyu Alhaji Almu ya aika masa da buhun gero gida. Na zaci zai mayar. Ya karɓa, ya ce a yi wa Baba godiya, domin an yi haihuwar, namiji.

Jiya ya zo sallama. Bai zarge ni da komai ba, da ma ya zarga. Ya zauna, ya tambayi lafiyarki, sannan ya ce yana da tambaya ta shari'a, tunda har yanzu ba shi da wani lauya sai ni. Babbar 'yarsa Talatu ta dawo daga makaranta tana kuka, 'yan ajinsu na kiranta 'yar maƙaryaci. Yana so ya san ko yarjejeniyar sulhun ta ba shi izinin ya gaya mata cewa abin da ya faɗa da farko gaskiya ne.

Sumayya, sakin layi na huɗu ya hana shi maimaita zargin ga kowane mahaluki, a fili ko a ɓoye. Na san haka domin ni na tsara shi, kuma na tsara shi da kyau, ban bar ko ƙofa ɗaya ba. Na buɗe baki in ce masa a cikin ɗaki babu mai ji, sai na tuna yarinya ce, gobe za ta kai makaranta, jibi a dawo da shi kotu shi kaɗai. Na ce masa a'a.

Ya ce to, na gode Barista. Ya ba ni hannu, ya fita.

Ki gaida mutanen gidanku. In kin samu hutu ki taho.

Mijinki,
Amiru