Na Ce Wa Yayana Likita Ba Ta Ga Komai Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A sakaya sunana, kuma don Allah a bari in kai aya kafin a zage ni, zagin da nake wa kaina ma ya isa.

Ni ne ɗan bokon gidanmu a Miga, alhali a aji uku na sakandare na tsaya. Ba a tunawa da ni sai takarda ta zo. Da kaluluwa ta fito wa Yayana a wuya ta ƙi tafiya, ni na dage aka kai shi asibiti a Dutse. Kawunmu ya ce ciwon daji ba ya son ƙarfe, in wuƙa ta taɓa shi yaɗuwa yake. Na bugi ƙirji na rantse sau ɗaya za a yanki ɗan nama a gwada, shi ke nan.

Ni kaɗai na je karɓar sakamako. Likitar, sa'ar 'yata, ta ce, "Baba, dajin kaluluwa ne, amma nasa ya zo da baƙon abu. Ƙwayoyin daji suna da alama a jikinsu, da ita muke gane irinsu. Nasa irin da muke kira B ne, sai ga alamar wani iri a jikinsu, kamar tunkiyarka da shaidar wani garke a kunne. Sai an sake yanka an aika Kano kafin mu san maganin da ya dace." Na ce, "Wato ba ku sani ba ke nan?" Ta ce, "So muke mu tabbatar." Da wane baki zan koma in ce a sake yanka, ni da na rantse gaban Kawu? Na ninke takardar, na je gida na ce ba su ga komai ba. Yaya ya ce, "Alhamdulillahi, tunda kai ka karanta."

Yau wata huɗu. Kaluluwar ta fito masa a hammata, ya rame, ko geronsa bai iya yanka ba bana. Kawu yana ta cewa wuƙata ce ta tashe ta, Yaya kuwa kare ni yake. Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Rabu da su, in da wani abu ai da ka faɗa mini."

Takardar tana ƙasan akwatina. In na fito da ita na zama maƙaryaci, kuma Kawu zai ce wuƙa ta biyu sai bayan ransa. In na yi shiru, ina kallo Yaya zai tafi yana sa mini albarka. Me zan yi?