Muryar Baba Tana Nan

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina Anti Saratu da yara? Mu nan Zuru lafiya lau.

Kwamfutar da ka bar mini ta kusa sa ni kuka. Mai gyara ya ce in kwashe abubuwana a faifai kafin ya sa mata sabuwar manhajar windo, don komai zai goge. Na jawo 'yan alamomin da ke kan allo na zuba, nan take suka shige. Hankalina bai kwanta ba. Bidiyon da ka ɗauki Baba kafin rasuwarsa, ya shige da sauri haka? Na kai faifan shagon buga takardu aka gwada. Yaya, ba komai ciki sai sunaye! Ashe alamomin kawai na kwashe, ba abubuwan kansu ba. Na koma na lalubo ainihin bidiyon, na kwafa a faifai biyu, na kalla har ƙarshe, sannan na miƙa kwamfutar.

Jiya na kunna wa Mama. Da Baba ya yi gaisuwa da yarenmu na Dakarci daga gonarsa ta Sakaba, sai ta gyara ɗankwali ta amsa masa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rifkatu