Shebur ɗin Zuba Kwal

Daren Talata, Ƙafin Maiyaki

Yau 'yata Hadiza ta miƙo mini waya ta ce, "Baba, ga irin jirginku na da." Turawa ne cike da jirgin ƙasa mai hayaƙi, wai yawon shaƙatawa suke, har suna tafa wa mai zuba kwal. Tafi fa! Ni da wutar injin ta cinye mini gashin hannu, ko sannu ban taɓa samu ba.

Na tashi neman shebur ɗina, abu ɗaya da na baro aikin da shi. A turken awaki na same shi.

"Ai da shi muke kwasar taki, Baba."

Sau uku na wanke shi. Ga shi nan jingine da gadona, warin bai fita ba.