Na Sayi Kwale-kwale Mai Wurin Mutum Ɗaya

Mama Solange, don Allah ki taimake ni. Ban saba rubuta wa jarida ba, kuma in mutanen tasharmu ta bakin kogi suka gane ni ne, na shiga uku da tsiya. Amma wanda na saba gaya wa komai, a kansa maganar take.

Ni tsohon mai kwasar yashi ne a nan Ebebda. Tun muna samari nake shiga kogin Sanaga da abokina Eyebe. Sunan kaka ɗaya aka sa mana, shi ya sa mbombo muke kiran juna, wato takwara. Shi a gaba yana duba dutse, ni a baya ina tuƙi, ko tari ya yi na san hagu yake nufi ko dama. Da ƙarfi ya ja baya muka bar yashi, amma ba mu bar ruwa ba. Ran Lahadi bayan coci mukan haura da tsohon kwale-kwalenmu na katako zuwa inda kogin ke tafasa tsakanin duwatsu, mu gangaro ta gefe-gefe muna zagin juna. Tun da matata ta rasu, ranar ce kaɗai nake yin magana mai tsawo da wani.

To, 'yata da ke Douala ta turo min bidiyon wani sabon kwale-kwalen roba da ya fito bana, an ƙera shi musamman don irin wannan ruwan. Na ga yana hawa kumfa kamar akuya a kan dutse, hankalina ya tafi. Na sayar da wani yanki na gonar koko, ta yi min oda. Mutum ɗaya ne a cikin bidiyon, na gani, amma na ɗauka burga yake yi. Wa yake tambayar mutum nawa kwale-kwale ke ɗauka? A wurinmu mafi ƙanƙanta ma yana ɗaukar biyu da buhun rogo.

A tasharmu in jirgi sabo ne, mai shi ba ya fara takawa. Ɗan gabansa ne zai zuba bammi a hancin jirgin, ya fara shiga. Ranar da mota ta sauke nawa a naɗe cikin leda, Eyebe ya zo da rigarsa ta coci, da jarkar bammi, da sabon filafilin da ya sassaƙa da hannunsa. Aka yage ledar. Ja ne, gajere, a lanƙwashe kamar ayaba. A tsakiya ga wani ɗan sirdi na soso da madaurin gwiwa, gaba da baya kuma an cike da balan-balan an ɗaure da igiya. Eyebe ya zagaya shi, ya sake zagayawa, ya ce, "Mbombo, ni kuma a ina? A wuyanka?" Tasha ta kwashe da dariya. Wani direban tipa ya ce, "Baba, an sallame ka, je ka karɓi fansho!" Mama, wallahi ni ma a lokacin na gane wurin mutum ɗaya ne. Amma na cika gari da baki a kan jirgin nan, kunya ta rufe ni, sai na ji bakina ya ce, "Haka ake yin su yanzu, ba sa buƙatar ɗan gaba." Ya ajiye jarkar a kan yashi, ya ce, "To, a sauka lafiya," ya saɓa filafilinsa ya tafi.

Jirgin dai ba laifinsa, gaskiya. Da farko ya yi ta kifar da ni a ruwan da ko yaro ba ya tsoro, don jikina ya saba da zaman baya, shi kuma durƙuso yake so a tsakiya. Da na gane kansa, kwankwaso kawai nake karkatawa ya juya. Ranar da na fara ratsa ƙaramin gangaren ruwan da ke tsakanin duwatsu ban kife ba, na ɗaga murya na ce, "Mbombo, ka gani!" Ba kowa sai duwatsu. Makon jiya na kife a can sama, gwiwata ta maƙale a madauri, na sha ruwa har na ga duhu kafin in zame. Na zauna a kan dutse ina haki, na tuna ba wanda ya san na fito daga gida.

Yanzu Eyebe da sunana na baftisma yake gaishe ni, kamar mai karɓar haraji. Ni kuma raina na ce min in gwada babban gangaren ran Lahadin nan, tunda ruwa ya ja. In sayar da jirgin ne? In na sayar, an ce na kasa. In na riƙe, kullum yana jingine a bayan ɗakina yana tuna min abin da na faɗa. Kaɗaici ya ishe ni, Mama.

Tsohon Ɗan Baya, Ebebda

Baba Ɗan Baya,

Abu na farko, babban gangaren nan ba da kai ba ran Lahadi. Na tambayi masu wannan wasan, sun ce ko gwanaye ba sa shiga irin wannan ruwan su kaɗai. Sai da rigar ruwa da hular kwano, da wani tsaye a kan dutse riƙe da igiyar ceto, wanda ya san kogin. Ka riga ka ga dalili da gwiwarka.

Ban ga laifinka a sayen jirgin ba. Dattijo ma yana da ikon sha'awar sabon abu, kuma kuskuren da ka yi kowane mutumin tasharku zai iya yin sa. Amma ka duba ta wurin Eyebe. Shi bai san kuskure ba ne. Abin da ya sani shi ne ka sayar da gona, ka jira wata da watanni, don ka sayi jirgin da ba shi a ciki, sannan ka faɗa masa haka a gaban direbobi. Ba jirgin ne ya kore shi ba, don haka sayar da shi ba zai dawo da shi ba.

Ka je gidansa da ƙafarka, kada ka aika kowa. Ka ce masa ba ka sani ba, kunya ce ta sa ka yi waccan maganar. Sannan ka maimaita a tasha, inda aka yi masa dariya, ka bari a yi maka taka. Za ta yi zafi, amma ba za ta kai ruwan da ka sha ba. Ka ba shi labarin kifewar ma, kada ka rage komai.

Kada ka ce masa ya zo ya riƙe maka igiya kawai, wannan aikin yaron gida ne. Wurin zama ɗaya ne, amma ba a rubuta sunanka a kai ba. Ya shiga ya kife, kai ka tsaya a kan dutse ka jawo shi, ku riƙa karɓa-karɓa. Tsohon na katakon ma yana nan, ku ci gaba da fita da shi.

Mai yiwuwa ya ja maka aji, yana da gaskiya in ya yi. Ka koma, ka sake komawa. Kuma duk abin da ya kira ka, kai ka kira shi mbombo.

Allah ya daidaita ku, ya sauke ku lafiya ku biyun.

Mama Solange