Ni ke yanke farashin tiya, ba Cha'ibu ba

Zuwa ga ƙanena Iliyasu a Kano,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa ciwon ƙafar nan taka. Mu nan Matameye kowa lafiya, sai ɓacin rai. Ɗiyata Zuhra ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Ka san ran kasuwa mu masu hatsi kan taru da safe mu yanke kuɗin tiyar gero, kowa ya sayar a haka. Shekara talatin bakina ake jira. To, bayan girbi ma'aikatan kula da kasuwanci suka zo daga Damagaram, wai haɗa baki ne, doka ta hana. Suka tambaya wane ne shugabanmu, yaran kasuwa suka nuna Alhaji Cha'ibu. Cha'ibu fa, wanda na koya wa riƙon tiya! Don ya je Makka sau biyu ya sayi mota. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce ni ke yankewa tun yana tallan ƙuli. Suka rubuta, na dangwala yatsa. Suka rufe rumfunanmu mu biyu.

Shi kuwa ya ɗauki lauya ya kai ƙara kotu. Alƙali ya duba takardun ma'aikatan, ya ce ba su saurari Cha'ibu ba, ba su da shaida a kansa, ga ma wani tsoho ya amsa da bakinsa. Ni ke nan. Da yatsana aka buɗe masa rumfa! Yanzu masu sayena na Kance da Dawce gunsa suke awo, ni ina zaune gaban ƙofa mai kwaɗo. Jiya har ya aiko mini da goro, wai sannu Baba. Na mayar masa.

An ce saura kwana goma sha biyu ƙofar ƙara ta rufe mini. Ka turo ɗanka Yasin, tunda a nan ƙasarmu ya yi karatun shari'a, ya kai ni gaban alƙalin. Amma ka ja masa kunne: Zuhra ta ce sai na ce ba ni ke yankewa ba, sannan za a buɗe mini rumfar. Wannan ba zan faɗa ba. Ya nemo wata hanya. In babu, rumfar ta zauna a rufe, takardar gwamnati dai sunana ta ɗauka, ba na Cha'ibu ba.

Ka gaishe da Hajiya Mas'uda da Baiwa da jikoki.

Yayanka,
Illa mai hatsi