Dosiyen Marayu

Ngaoundéré

Ƙanwata Sajida,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da su Baba da Inna. Ki buɗe tsohuwar kwamfutar da na bari a ɗakina. Aikin da zan kare gaban malamai ranar Alhamis yana ciki, na sikelin nan mai nuna nauyin kaya a allo. Na ɗauka na kwafo shi, ashe ban kwafo ba. Ki shiga dosiyen linux, wato jakar ajiya mai wannan suna a kwamfutar, sai drivers, sai sikeli. Ki sa abin da ke ciki a kile, ɗan filashin nan da ake soka wa kwamfuta, ki kai wurin mai intanet na bakin titi ya turo mini. In babu shi, maimaita shekara zan yi.

Yayanki,
Ahmadou

PK8, Libreville

Yaya Ahmadou,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana gaishe ka. A takarda na rubuta, ita ta ɗauki hoton da wayarta ta tura maka.

Yaya, dosiyen sikeli babu. Da ka tafi na buɗe kwamfutar don kallon hotuna, sai na tarar da kayanka a barbaje, dosiye cikin dosiye, ga suna ɗaya a wurare barkatai. Wani wai shi Makefile, duk inda na leƙa yana nan. Baba kullum cewa yake kaya iri ɗaya wuri ɗaya, shi ya sa ko ba lantarki ina gane inda sukari yake a butik, wato shagonsa. To haka na jera maka. Masu suna ɗaya na haɗa su. Kwamfutar ta yi ta tambayata da Faransanci, ni kuma ina danna oui. Waɗanda ba su da ɗan'uwa na tara su a dosiye guda, na sa masa suna marayu.

Duk damina na yi ina wannan aiki. So na yi ka dawo ka gani.

Ka huta lafiya,
Sajida

Ngaoundéré

Sajida,

Gaisuwa. Na karanta, na fita na zagaya, na dawo na sake karantawa.

Abin da kika jera sunansa kanel, shi ke tafiyar da kwamfuta. Kowane irin firosesa, wato ƙwaƙwalwar inji, yana da ɗakinsa a cikin arch. Kowace na'ura, allo ne ko sikeli, tana da nata a drivers. Sunayen ne ɗaya, cikin daban. Kowane gida a PK8 yana da tukunya, ke kuma kin kwashe tukwanen unguwa kin ce guda ta isa. Abin da kwamfutar ke tambayarki shi ne ta goge na farko? Kika ce e. Duk damina.

Na mutane zan sake samu a intanet. Nawa ne ba na kowa ba, kuma core.c na sa masa, irin sunan da ya cika wurin. Ki duba wanda ya rage. Kada ki gyara komai. Ko ƙura kika gani ki bar ta.

Ahmadou

PK8, Libreville

Yaya,

Barka da war haka. Core.c guda ya rage, wani Bature ne ya sa sunansa a sama.

Na yi kuka, amma ni ma raina ya ɓaci. Wa ya taɓa gaya mini? Da na tambaye ka me kake rubutawa cewa ka yi in je in hura wuta. Kuma mutanen da suka iya ƙera kwamfuta sun rasa sunaye ne?

Na buɗe marayun ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Duk Turanci da alamomin baka-baka. Sai ga wani, core_kar_a_taba, da Hausa a tsakanin layuka. Ka rubuta: "Nan yake mutuwa, ban san dalili ba." Can ƙasa kuma: "Malam ya ce a yi haka, kansa kamar kwano."

Shi na sa a kile na kai wurin mai intanet. Wurin cike da samari, na wuce ƙofar na dawo, na sake wucewa. Mai wurin ya ce, "Petite, shiga za ki yi ko gadi aka ba ki?" Suka yi dariya. Na miƙa masa kile da adireshinka a takarda. Ya ce saƙon ya tafi. Ban sani ba ko shi ne kake nema.

Ka goge zancen kwano kafin Alhamis.

Ƙanwarka,
Sajida

Ngaoundéré

Ƙanwata,

Ya iso. Tsohon kwafi ne, amma ya tashi. Yana ƙara rabin kilo a kan komai, wannan kuwa na san inda zan gyara. Kwano na goge.

Akwai wasu layuka a can ƙarshe da suka shafi wata Khalida. In kin kai wurin, Inna ba ta buƙatar hotonsu.

Na gode. Allah Ya yi miki albarka.

Yayanki,
Ahmadou