Ban Ƙarasa Takaba a Ɗakinsa Ba

PK8, Libreville,
Gabon.

Zuwa ga Yayana Malam Zakiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Ni'imatu da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taka? 'Yata Nuriyya ta ce da kuka yi waya ta ji kana cijewa, ni kuwa na san halinka, sai ciwo ya kwantar da kai kake yarda akwai shi. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana kai. Mu ma nan alhamdulillahi, ruwa ne dai ake ta zubawa ba ƙaƙƙautawa.

Na ji kana haɗa guzuri za ka zo mana ta'aziyyar maigidana Alhaji da ƙafarka. Wallahi har hawaye na yi don daɗi. Amma akwai abin da na hana yara faɗa maka a waya, don ba na so ka ji shi gutsure-gutsure. Yaya, ba ma gidanmu na unguwar Plaine Orety. Gidan ma babu shi. An rushe shi ina tsakiyar takaba.

Tun Alhaji yana da rai ake raɗe-raɗin sabon tsarin gari, wai za a fitar da manyan tituna da magudanan ruwa, a sake yanka unguwanni. Shi dariya yake yi, ya ce tun yana tallan atamfa a ka yake jin wannan waƙar. Ko sadakar arba'in ba a yi ba sai ga mutane da jan fenti, suka shafa wa katangarmu alama, daidai inda yake jingina in ya dawo daga kasuwa. Ni ina ɗaki ban gani ba, salatin maƙwabta na ji.

Daga nan meri, wato ofishin magajin garin yankinmu, ta kira taro, wai kowane mai gida ya je ya faɗi ra'ayinsa. To mai gida yana kabari, matarsa tana takaba, wa zai je? Nuriyya na tura, tunda bakinta ya fi namu kama Faransanci. Na ce kada ta roƙi a bar mana gida, na san ba za a lanƙwasa titi don Rabi'atu ba. Abu ɗaya za ta roƙa, a ɗaga mana ƙafa in ƙarasa kwanakina a ɗakin da mijina ya bar ni. Ta ce da ta miƙe tana bayanin takaba kowa a zauren ya kasa kunne.

Kashegari Mama Ntsame ta zo. Ka tuna ta, maƙwabciyarmu 'yar ƙasa da ta taɓa aiko maka da ayaba, yanzu kansila ce a meri. Ta tuɓe takalmi ta zauna kan tabarmata. Ta ce ita ba sai an fassara mata ba, su ma a wajensu matar mamaci zama take yi, ita ma ta zauna da nata mijin ya rasu. Ta ce su kansu kansiloli ba su ƙi gyaran gari ba, kowa ya gaji da ambaliya, amma ransu a ɓace yake, domin sai da aka gama zane a can sama sannan aka tambaye su me suka gani. Wai a sabon tsarin, su da suka san layi-layi, suka san gidan da ake jego da gidan da ake makoki, ba su da ta cewa sai dai su ba da shawara. Ta ce sun haɗa baki sun nemi a fara aikin ta ɗaya gefen, a bar layinmu zuwa ƙarshe. Na saki jiki, Yaya, har na ci tuwo ranar.

Amsar da ta dawo ita ce an karɓi shawararsu da godiya, amma aiki yana nan yadda aka tsara. Mama Ntsame da kanta ta kawo mini labarin, tana kuka ina ba ta haƙuri. Ka ji abin mamaki, mai takaba ce ke rarrashin hukuma.

Liman ya aiko cewa lalura ce, addini ya yarje mini in tashi, babu laifi a kaina. Na sani, ban yi musu ba. Amma ba zunubi nake tsoro ba. Ɗakin nan shi ya gina da guminsa, ƙusar da yake rataya babbar riga tana nan, ƙamshin turarensa bai bar labule ba. In na idar da salla ji nake kamar kasuwa ya tafi. Ranar da katafila ta shigo layi, aka lulluɓe ni da mayafi aka saka ni a tasi kamar marar lafiya. Ko waiwaye ban yi ba, na kasa. Yanzu muna unguwar PK8 a ɗaki biyu da Abdoul, ɗan ƙanin Alhaji, ya ba mu. Yaron kirki ne, amma nan ban san ko bangon da zan kalla in tuna shi ba.

Makon jiya Alhaji Djaïba ya zo daga garin Bitam, abokin Alhaji tun zuwansu ƙasar nan. Ka san shi da ƙin waya, ba wanda ya sanar da shi mun tashi. Tasi ta sauke shi a tsohuwar unguwa, ya tarar da fili fetal. Ya yi ta zagaye har ya gane daɓen ɗakinmu da shuɗin tayil ɗin nan. Ina bayan labule yake ba Abdoul labari. Ya ce ya tsaya inda ƙofa take a da, ya yi sallama kamar yadda ya saba, ya cire takalminsa ya shiga, ya ɗaga hannu ya yi wa amininsa addu'a ruwa na dukansa. Yaya, tun rasuwar ban yi kuka irin na ranar ba. Baƙo ya yi wa ɗakin nan sallama, ni da na shekara talatin a cikinsa na fita ban ce masa komai ba.

Ka gaishe mini da Yaya Ni'imatu da kyau, da Khalida da maigidanta, da Ikirama, ka ce masa na ji addu'arsa. Nuriyya tana gaishe ku.

In ka sauka, PK8 za ka ce wa mai tasi. Amma don Allah ka daidaita zuwanka da fitata takaba. Mata suna ta tambayata gidan wa zan fara zuwa gaisuwa, ban ba su amsa ba. Can nake so ka kai ni, in dai ba a zuba kwalta a kan tayil ɗin ba tukuna. Ka taho da takalmin da ba ya wuyar cirewa.

Wassalam, ni ce ƙanwarka,
Rabi'atu.